Babu soket, babu gareji: Yadda direbobin tirela ke tayar da injin dizal a sanyin da ke daskarar da mai

A arewacin jihar Alaska ta Amurka akwai wata hanya da ake kira Dalton, mai tsawon kilomita 666, wadda aka gina a shekarar 1974 domin kai kaya filin haƙar mai na Prudhoe Bay. Daga zangon Coldfoot zuwa Deadhorse da ke ƙarshen hanyar, tafiyar kusan kilomita 390 ce babu gidan mai, babu bakanike, babu ko wurin shan shayi.

A gefen wannan hanya ne, a sansanin Prospect Creek, aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Amurka ranar 23 ga Janairun 1971, inda ya kai digiri 62 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos.

Direban tirelar da dare ya riska a irin wannan wuri ba ya murɗa makulli ya kashe inji haka kawai. Sai ya yi lissafi tukuna. Idan ya kashe, zuwa asuba ƙarfen injin ya yi sanyi daidai da iskar waje, kuma mai yiwuwa motar ba za ta sake tashi ba. Inji ne ke ɗumama ɗakin direba, saboda haka motar da ta ƙi tashi ta bar mai ita a cikin akwatin ƙarfe mai sanyin firiza, ko ma fiye.

A birane irin su Fairbanks ta Alaska da Winnipeg ta Kanada an daɗe da samun mafita: ana jera soket a wuraren ajiye motoci, kowa ya zaro igiyar wuta daga gaban motarsa ya jona, hita ta kwana tana ɗumama inji. Amma tirela ba a birni take neman abincinta ba. A dajin katako, da ma'adinai, da hanyoyin da ake shimfiɗawa a kan ƙanƙarar tafki, babu turken wuta ko ɗaya. Dole direba ya zo da zafinsa.

Me ya haɗa dizal da sanyi?

Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta. Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya nuna na farkonsa mai aiki a garin Augsburg a 1897, ba shi da wannan. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 20 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa.

Wato zafi shi ne ashanar injin dizal. Idan bangon silinda ya yi sanyi ƙalau, yakan shanye zafin iskar kafin mai ya iso. Sai a ji inji yana juyawa yana fitar da farin hayaƙi mai yaji, wanda ba komai ba ne illa man da bai ƙone ba.

Wannan matsala ɗaya ke nan. Sauran ukun sun fi ta muni, kuma tare suke zuwa.

Duk wanda ya ga yadda manja ko man shanu ke daskarewa a kwalba da safiyar hunturu ya riga ya fahimci abin da ke samun dizal. Akwai kaki a narke a cikinsa, dangin wanda ake yin kyandir da shi. Da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kakin ya fara fitowa, man ya yi gajimare. Dizal na gama-gari, wanda ba a tanade shi don sanyi ba, yakan fara toshe filta a wajejen digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifili. Idan sanyin ya ƙaru, ya koma kamar kunu mai kauri, famfo ya kasa ja. Tanki cike, amma inji na mutuwa da yunwa.

Baƙin mai shi ma yakan yi danƙo kamar zuma. Lambar da ke jikin galan tana faɗin iyakarsa: wanda aka rubuta wa 15W ana gwada juyawarsa ne a digiri 20 ƙasa da sifili, 5W a digiri 30, 0W kuma a digiri 35. Direban da ya shiga sanyin digiri 40 da 15W-40, irin wanda aka saba zubawa a ƙasashe masu zafi, ya ɗora wa kik ɗinsa aikin tuƙa tuwo.

Ga shi kuma a daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfin batir ninki biyu, a lokacin ne ya fi rauni. A digiri 18 ƙasa da sifili, batir na iya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Wanda yake cike da caji yana jure sanyin da ya wuce digiri 50 ba tare da ruwansa ya daskare ba, amma wanda ya sauka yana iya daskarewa tun kafin a kai digiri 10, ya kumbura, ya fashe.

Abin da soket ke yi

Hitar da ake jonawa da wutar gida ba sabon abu ba ce. Wani injiniyan lantarki a jihar Dakota ta Arewa, Andrew Freeman, shi ya ƙirƙiro ta a wajejen 1940, ya kuma samu takardar mallakar fasahar a 1949. Ƙarfe ne irin na hitar dafa ruwa, ana ɗaure shi a jikin inji yana taɓa ruwan lagireto. Ta babbar mota takan ja wat 1,000 zuwa 1,500, kuma awa uku zuwa huɗu sun isa ta kai inji matsayin da zai tashi ba gardama.

Duk dabarun da direbobin daji ke yi, ƙoƙari ne na samun wannan ɗan zafi ta wata hanya. Wasu dabarun na cin kuɗi, wasu na cin mota, wasu kuma na cin rai.

Kada ma a kashe

Mafi sauƙi ita ce a bar inji a kunne. A yankin Yakutiya na gabashin Rasha, inda ƙauyen Oymyakon ya ga digiri 67.7 ƙasa da sifili a Fabrairun 1933, haka manyan motocin KamAZ da Ural ke yi. Direban da ya kama hanyar Kolyma, mai tsawon kimanin kilomita 2,000 tsakanin Yakutsk da Magadan, yakan yi makonni bai kashe mota ba. Yana barci tana ruri, yana cin abinci tana ruri. A cikin birnin Yakutsk kansa, masu ƙananan motocin da ba su da gareji mai ɗumi suna lulluɓe su da wani bargo mai kauri da suke kira Natasha, su haɗa da na'urar da ke tayar da inji da kanta duk lokacin da ya fara hucewa. Wasu kuma jingine motar suke yi gaba ɗaya sai bazara.

A arewacin Kanada ma haka abin yake a hanyar ƙanƙara ta Tibbitt zuwa Contwoyto, wadda ake buɗewa kimanin wata biyu kacal a shekara don kai mai da siminti da kayan aiki ma'adinan lu'ulu'u. Yawancin hanyar a kan daskararrun tafkuna take, kuma babu wanda ke son injinsa ya mutu a can.

A irin wannan sanyi babu mai ganin laifin direba. Amma dabarar tana da tsada. Cibiyar bincike ta Argonne da ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashin Amurka ta ƙiyasta cewa tirelar da ke tsaye da inji a kunne tana shan kusan lita uku a awa ɗaya, kuma motar doguwar tafiya kan yi kimanin awa 1,800 a shekara a haka, abin da ya kai galan 1,500, wato sama da lita 5,500 na man da bai matsar da kaya ko taku ɗaya ba. Dokar Amurka ta wajabta wa direba hutun awa 10 a jere. Lita 30 ke nan a dare guda.

Injin ma ba ya jin daɗi. Dizal da ke juyawa a hankali ba ya yin zafin kirki, man ba ya ƙonewa duka, ragowar tana wanke baƙin man da ke bangon silinda tana gangarawa ƙasa. A motocin zamani masu matatar hayaƙi a salansa, toka ce ke taruwa har ta toshe ta. Shi ya sa gogaggun direbobi ke ɗan ɗaga juyin injin sama da yadda ya saba idan za su kwana da shi. Sannan jihohi da dama sun kafa doka, kamar Kalifoniya da ta taƙaita barin babbar mota a kunne a tsaye zuwa minti biyar.

Akwai kuma hatsarin da ba a gani. Idan dusar ƙanƙara ta rufe bakin salansa, ko salansar na yoyo a ƙarƙashin ɗaki, gubar hayaƙi da ba ta da launi ba ta da wari tana iya shiga ta samu mai barci. Irin gubar nan ce ke hallaka iyalai a ɗakin da aka kwana da janareta ko gawayi.

Wuta a ƙarƙashin inji

Tsohuwar dabara ita ce wuta tsirara. A hunturun 1941, lokacin da sojojin Jamus suka doshi birnin Mosko, sai da suka riƙa hura wuta a ƙarƙashin tankokin yaƙi da motocinsu kafin su tashi. Su kuwa Rashawa sun sa wa tankarsu T-34 mai injin dizal tulun matsattsiyar iska da ke iya juya inji idan batir ya gaza. Direbobin zamanin Tarayyar Sobiyet sukan tsiyaye ruwan lagireto da dare, da safe su tafasa wani su zuba, su bi kaskon baƙin mai da fitilar hura wuta mai aiki da fetur. Matuƙan ƙananan jiragen sama na dajin Alaska da Kanada kuwa baƙin man ne suke tsiyayewa cikin bokiti, su shiga da shi bukka, da asuba su ɗora shi a murhu su mayar da zafinsa.

Har yau ana yi. Manomi ko mai yankan katako da tifarsa ta kwana a daji yakan hura gawayi a faranti, ya jira harshen wuta ya mutu sai garwashi, ya tura ƙarƙashin kaskon baƙin mai, ya lulluɓe gaban motar da tamfol har ƙasa. Tamfol ɗin nan rabin aikin ne. In babu shi, iska ce za ta kwashe zafin ta bar mutum da ƙona gawayi a banza.

Waɗanda suka fi taka-tsantsan ba sa yarda wuta ta kusanci mota. Sukan samu bututun kwano irin na hayaƙin murhu mai tsawon mita biyu ko uku, mai lanƙwasa a ƙarshe, su sa bakin lanƙwasar yana kallon inji, su kunna fitilar gas a ɗaya bakin can nesa. Iska mai zafi ce kawai ke isa wurin inji. Kamfanonin ma'adinai da filayen jirgin sama na yankin suna da manyan injinan hura iska mai zafi, irin wanda ake kira Herman Nelson, da ke yin wannan aiki ta tiyo mai faɗi.

Sai dai gas ɗin ma yana da iyakarsa. Irin wanda ake amfani da shi a can, furofen, yana daina zama iska a digiri 42 ƙasa da sifili. A ranar da aka fi buƙatarsa, sai a buɗe tukunya a ji shiru, har sai an shigar da ita wuri mai ɗumi.

Gaskiyar magana, wannan dabara ta tsofaffin motoci ce, masu kaskon ƙarfe da wayoyi kaɗan. Ƙarƙashin tirelar yau cike yake da tiyon roba, da bututun mai na leda, da ɗaurin wayoyi, wasu ma kaskon baƙin man nasu ba ƙarfe ba ne. Ƙara da maiƙon da ya shekara yana taruwa a jikin inji, da tamfol da iska ke kaɗawa. Direban da ya tura garwashi ya koma ɗaki don ya ɗan ji ɗumi yana iya fitowa ya tarar babu abin da zai tayar. Wanda dole ta sa shi yin haka, ba ya matsawa ko nan da can, kuma tukunyar kashe gobara tana hannunsa.

Ƙaramin murhu mai shan dizal

Abin da ya sauya rayuwar direbobin sanyi wata na'ura ce da ba ta wuce girman burodi babba ba. Kamfanoni biyu na Jamus ne suka yi suna a kanta: Webasto, da aka kafa a 1901, da Eberspächer, da aka kafa a 1865, wanda a Amurka da Kanada aka fi sanin kayansa da Espar. A Rasha sunan Webasto ya zama sunan duk wata hita irin wannan, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu.

Aikinta ba wuya. Tana zuƙar dizal kaɗan-kaɗan daga tankin motar, ta ƙona shi a cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe, hayaƙin ya fita ta ƙaramar salansarta. Wani ɗan famfo na lantarki yana zagaya ruwan lagireto ta jikin ɗakin wutar, ya shiga inji da zafi, ya dawo da sanyi, haka har ƙarfen ya ɗumama ciki da waje. Harshen wuta bai taɓa fitowa fili.

Mai ƙarfin kilowat biyar tana ba da zafi fiye da ninki uku na hitar soket, tana shan abin da bai wuce rabin lita da ɗan ɗoriya ba a awa. Manyan tireloli kan ɗauki mai kilowat tara, wadda ke shan kimanin lita ɗaya. Direba ya saita agogonta kafin ya kwanta, ta kunna kanta awa ɗaya ko biyu kafin lokacin tafiya. Akwai kuma 'yar'uwarta da ake sawa ƙarƙashin gado, wadda iska kawai take ɗumamawa don ɗakin direba, kuma dare guda ba ta shan lita uku. A ajiye wannan kusa da lita 30 na barin inji a kunne, za a ga dalilin da kamfanonin sufuri ke biyan kuɗinta duk da tsadarta.

Tana da nata sharuɗɗan. Ba ta buƙatar soket, amma tana buƙatar batir: wajen kunnawa takan ja wuta sosai na 'yan mintuna, daga nan ta koma jan kwatankwacin ƙwan fitilar gaba guda ɗaya. Idan batir ya yi ƙasa takan kashe kanta. Bututun manta siriri ne kamar tsinken tsintsiya, shi ne kuma farkon abin da ke toshewa idan dizal ya fara kaki, shi ya sa wasu ke yi mata ƙaramin tanki dabam na kananzir. Kuma wanda ya manta da ita tun bazara bai kunna ta ko sau ɗaya ba, kada ya yi mamaki idan ta ƙi shi a daren farko na sanyi. Masu ƙera ta suna ba da shawarar a riƙa kunna ta na ɗan lokaci kowane wata, ko da ana zafi.

Janareta, da aron zafi

Wanda motarsa ke da hitar soket amma babu soket, yana iya zuwa da nasa. Ƙaramin janareta mai wat 2,000 ya isa ya ɗauki hitar inji, har da bargon lantarki na batir. Matsalar ita ce shi ma inji ne, shi ma sanyi na kama shi. Sai ya yi tafiyar a cikin ɗakin direba inda yake da ɗumi, a fito da shi waje a tayar. Ba a kunna shi a ciki ko kusa da taga.

Tunanin da ke zuwa wa kusan kowane sabon direba shi ne ya jona hitar da batirin motar ta hanyar inbata. Lissafi ne ke kashe wannan shawara. Hita mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, kusan 100 idan aka haɗa da asarar inbata. Batir guda mai sanyi ba zai kai awa ɗaya ba, alhali hitar na son awa uku. Sakamakon shi ne inji mai ɗan ɗumi da batir matacce, wanda ya fi inda aka fara muni.

Masu aikin katako a Kanada da arewacin Amurka suna da wata dabara mai kyau. Sukan sa wa ƙaramar motar da ke kai su daji da kuma babban injin da ya kwana a can bakin tiyo iri ɗaya, mai haɗuwa da ɓallewa nan take. Da sun iso da safe, sai su haɗa tiyo biyu tsakanin injinan, ruwan zafi na ƙaramar motar ya riƙa zagayawa cikin mai sanyin. Kafin su gama shan kofi, katafila ta ɗumama. Sharaɗin shi ne ruwan lagireton biyu ya zama iri ɗaya, tunda cakuɗuwa za su yi.

Batir kuwa, idan motar za ta yi kwanaki a tsaye, cire shi ake yi a shiga da shi ɗaki. Aiki ne mai nauyi, musamman ga tirela mai batir uku ko huɗu, amma batir mai ɗumi yakan raba gardama.

Gwangwanin da ke fasa inji

A kusan kowane shagon kayan mota na ƙasashen sanyi ana sayar da gwangwanin feshi na tayar da inji, mai ɗauke da sinadarin ita. Yana kama wuta a zafin da bai kai na dizal ba, saboda haka feshi ɗaya a bakin shan iska yakan sa injin da ya ƙi ya yi tari ya tashi.

Amma yawancin injinan yau suna da tasu hitar ta ciki. Wasu suna da ƙananan sanduna a kowace silinda da ke yin ja-wur kafin a tayar, wasu kamar Cummins suna da ragar lantarki a hanyar shigar iska. Idan feshin ya tarar da wannan jan ƙarfe, a nan zai fashe, ba a cikin silinda ba. Ko a injin da ba shi da hita, feshi da yawa yana bugun fistin kafin lokacinsa, ya karya zobe ko ya lanƙwasa sanda. Shi ya sa ake manna takardar gargaɗi a kan irin waɗannan injina. Kuma feshi ba ya narkar da kaki, ba ya sassauta baƙin mai. Tilasta wa inji tashi kawai yake yi, a lokacin da mai bai kai ga gaɓoɓinsa ba.

Aikin safe tun yamma ake yin sa

Tsofaffin direbobin arewa sun fi ba da ƙarfi ga abin da ake yi kafin a tsaya. Na farko shi ne man da ke tanki. A ƙasashen sanyi ana sauya dizal da yanayi. Ƙa'idar Turai ta EN 590 tana da rukunin man yankin ƙanƙara da ke wuce filta har a digiri 44 ƙasa da sifili, a Amurka kuma ana haɗa dizal na gama-gari da mai lamba ɗaya, wanda ɗan'uwan kananzir ne. Wanda ya cika tanki a kudu mai ɗumi ya nufi arewa, da man bazara yake tafiya. Wani lokacin ma sanyin ne ke biyo mutum gida: a Fabrairun 2021, da guguwar sanyi ta sauka jihar Texas da ba ta saba ba, dizal ya daskare wa motoci da injina masu yawa.

Akwai maganin hana kaki da ake zubawa a tanki, amma sai man yana da ɗumi yake aiki. Bayan ya daskare, an makara. A nan sai cire filta, a sa sabuwa, da hannun da ba ya iya minti biyu a waje ba safa. Saboda haka filta biyu ko uku na ajiya ba sa rabuwa da akwatin kayan aiki. Ana kuma kwana da tanki cike, don iskar da ke cikin tankin da ya yi rabi tana zufa, zufar ta zama ruwa, ruwan ya zama ƙanƙara a bututu.

Ruwan lagireto ma akwai abin mamaki a cikinsa. Sinadarin hana daskarewa idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa yana jure har digiri 37 ƙasa da sifili, kashi 60 cikin 100 kuma ya wuce digiri 50. Amma zallarsa, ba a sirka ba, yana daskarewa a wajejen digiri 13. Mai ganin ya yi wa motarsa gata ya zuba zalla, ya jawo wa kansa.

Sai wurin tsayawa. Ana juya wa iska baya, a rufe gaban lagireto da mayafinsa. Iska ba ta iya sanyaya ƙarfe fiye da sanyin gari, amma tana gaggauta hucewarsa, kuma injin da ke da nauyin sama da tan ɗaya yana iya riƙe ɗumi na awanni idan aka kare shi. Ana tsiyaye ruwan da ke tulun iskar birki, in ba haka ba inji ya tashi amma birki ya ƙi saki. Motocin zamani masu amfani da ruwan AdBlue don tace hayaƙi suna da ƙarin abin lura, domin shi a digiri 11 ƙasa da sifili yake daskarewa, ko da yake tankinsa na da hitar da ke narkar da shi bayan mota ta tashi.

Da safe, bayan an ɗumama, ana murɗa makulli a jira fitilar hita ta mutu, a taka kuloci don rage wa kik nauyin giya, a juya na daƙiƙa 15 zuwa 30. Idan bai kama ba, a huta minti biyu kik ya huce. Idan ya kama, ido na kan allurar baƙin mai, ba a taka totur sai ta hau. Tafiyar farko a hankali ake yin ta, don zafin inji bai kai ga giya da akwatin ƙafafun baya ba, man da ke cikinsu yana nan da kaurinsa sai motsi ya sassauta shi.

Ko a nan gida

Sanyin Jos ko na daren hamadar Agadas bai kai ya daskarar da dizal ba. Amma dalilin da ke sa tsohuwar gingimari yin gardama da asubar hunturu, har direba ya gwammace ya kwana a kan gangara ko yaran mota su taru a turi, shi ne dai dalilin Alaska: silinda mai sanyi, matsin da ya ragu saboda tsufa, batir mai rauni, da hitar da ta mutu ba a sauya ba. Tsumman fetur da wasu ke karawa a bakin shan iska kuwa ƙanin gwangwanin feshin nan ne, hatsarinsu ɗaya.

Yawancin tirelolin doguwar tafiya da ake ƙerawa don Turai, irin su DAF da MAN da Scania, suna fitowa da hitar dare a ɗakin direba. Da yawa daga cikinsu, bayan sun gama aikinsu a can, jirgin ruwa ke sauke su a Legas ko Kwatano su kama hanyar Kano da Maraɗi. Wanda ya ɗaga katifar gadon irin wannan mota yana iya tarar da ɗan akwatin a wurinsa, da siririn bututun mai da ya nufi tanki, da ƙaramar salansa a ƙarƙashin ɗaki wadda ƙura ta riga ta toshe.